Dankali Na Biyar

Tun ranar da muka dawo daga Doguwa ba ku bar ni na sarara ba. In na fito daga masallaci Malam Garba ya tare ni, in na zauna gindin durumi Ɗan'azumi wanzami ya ajiye aska ya ce, "To Habu, yaya dajin? Da gaske ne ka ga zaki? Me kuma ya ƙona ka a tafin hannu?" Na gaji da farawa ana katse ni. Tunda Allah Ya sa na yi ajin manya na iya riƙe fensir, ga shi nan na rubuta gaba ɗaya. Malam Garba ya karanta muku da ƙarfi, wanda ya sake tambayata kuma in nuna masa takarda. Zaki dai ban gani ba, kada wani ya ƙara mini gishiri. Ƙunar hannu kuwa gaskiya ce, za mu zo kanta.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba. Mai ɗakina Asabe 'yar Doguwa ce, na auro ta lokacin da nake kai gishiri da kanwa wajen masu haƙar kuza. Da aka yaye 'yarmu ta fari sai aka kai ta riƙo wajen uwar Asabe, Iya, kamar yadda aka saba. Shekara takwas ke nan. Sau biyu na je a tsakani, kuma duka biyun ban ɗaga ido na dube ta ba, don kun san yadda abin yake a wajenmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a ma nuna an san yana wurin. Haka ubana ya yi wa yayana har ya koma ga Allah. Shi ya sa ko a takardar nan za ku ji ina ta cewa "yarinyar".

Bana da damina Iya ta rasu. Bayan an yi sadakar arba'in sai yayan Asabe, Bawa, ya aiko mana da wasiyyar da ta bari. Ta ce kada a ɗauki yarinyar kamar kayan jaki. A tambaye ta. In ta ce Bebeji, to Bebeji. In ta ce Doguwa, ta zauna gidan kawunta, kada kowa ya sake tayar da maganar.

Asabe ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ni kuwa dariya na yi. Na ce, "Haba Asabe, wace yarinya ce za ta ga atamfa ta ce a'a?" Ana gama cirar gyaɗa na shiga kasuwa na sayo zanen atamfa, da awarwaro, da ɗan madubi mai murfi, da alewa cike da ƙoƙo. Na ce za mu tafi da yaranmu biyu, Ladi mai shekara bakwai da bakin mutum goma, da ƙanenta Ɗanjuma mai huɗu, yarinyar ta ga 'yan uwanta ta ga kaya, shi ke nan an gama.

Ranar tafiya ina ɗaure wa jakai kaya sai ga Asabe da ɗan buhu na dankalin gonarmu. Na ce, "Ke, wa ya taɓa kai dankali Doguwa? Can fa awaki ake ba shi." Ta ɗora shi kan jaki ta ja igiya da kanta.

Na san abin da take nufi, ko in ce na zaci na sani. Muna da wani abu a gidanmu da yara ke kira ɗakin dankali. A wajen kiwo na koye shi ina yaro, kuma shekarar da aka kai yarinyar Doguwa, da na ga Asabe ta cika shiru, sai na yi mata shi a bayan gida don ta yi dariya. Tun daga nan ya zama namu, duk kaka, ranar Juma'a bayan la'asar. Busassun dunƙulen ƙasar gona ake tarawa a gina ɗan ɗaki da su, a hura wuta a ciki har ƙasar ta yi ja, a kwashe garwashin, a jefa dankali, a rushe ɗakin a kansa, a zauna hira. Kowa da shaidarsa. Nawa ina yanke masa gindi, na Asabe zane ɗaya da wuƙa, na Ladi zane uku, Ɗanjuma kuwa cizo yake yi wa nasa. Sai na biyar, babba, ba shi da shaida, Asabe ce ke jefa shi daga ƙarshe. Wannan nawa ne, ƙarin maigida. In an tone, ni ke ɗaga kowanne in duba shaida in kira sunan mai shi da muryar mai shela, shi kuma ya ce, "Na'am, ranka ya daɗe," ya zo ya durƙusa ya karɓa. Wanda ba a kira ba ba ya ci. Dokar ke nan, kuma ni na kafa ta.

Muka fita Bebeji da hantsi, jaki biyu, yara a kan ɗaya, kaya a kan ɗaya, ni da Asabe a ƙasa. Kiru ba kan hanya take ba, amma ba yadda za a yi in yi tafiya irin wannan ban sanar da Gwaggo Delu ba, ƙanwar ubana, ita kaɗai ta rage mini a manya. Mun isa ana shirin la'asar. Ta yi mana tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa wadda ta ji daddawa, irin wadda in ka ɗago loma sai ka yanke ta da yatsa. Ɗanjuma ya ci har ya yi barci da hannu a akushi.

Na baje mata kayan da na sayo ina jiran yabo. Ta ɗaga madubin ta dubi haƙoranta biyu da suka rage, ta ajiye.

"Habu, in aka jera maka yara mata biyar a Doguwa, za ka iya nuna taka?"

Na ce, "Gwaggo, jini fa ba ya ɓuya."

Ta ce, "Allah Ya sa. Ni dai na san wanda bai taɓa duban akuyarsa ba, ba ya gane ta a kasuwa."

Na bar ta da maganarta, na ce a raina tsufa ne.

Daga Kiru muka nausa kudu maso gabas, kwana biyu a hanya kafin Tudun Wada. Ranar farko muka yada zango a wata ruga. Maigidan, Jauro, dogon mutum mai magana a hankali, ya sa aka share mana bukka aka kawo kindirmo mai sanyi, Asabe ta dama mana da furar da Gwaggo ta ƙunsa mana. A nan na ga waɗanda suka fi mu. Wani saurayi ya shigo da shanu ya gaishe shi, Jauro ya juya kai yana kallon turke kamar iska ce ta wuce. Na tambaya a hankali, aka ce ɗansa ne na fari, kuma tun da aka haife shi ba su taɓa zama kan tabarma ɗaya ba. Na ce wa Asabe, "Kin gani? Ai mu namu da sauƙi. Ga yaro nan lafiyarsa ƙalau, bai gudu ba." Ta ce, "Shi ai yana ganin ubansa kullum." Ni kuwa lokacin ina fama da Ladi wadda ta dage sai an saya mata ɗan maraƙi.

Kashegari muka iso rafi. Ruwan bai wuce gwiwa ba. Na sauke yara na tsallakar da su a kafaɗa, na dawo na ja jakin kaya. Kun san baƙin jakin nan nawa mai yagaggen kunne, wanda na sha gaya muku ya fi wasu mutane hankali? To na janye maganata. Muna tsakiyar ruwa ya tsaya, ya dube ni, ya kwanta. Wallahi kwanciya ya yi kamar wanda aka shimfiɗa wa tabarma. Na doke shi, na ja, na roƙe shi, har da kirari na yi masa. Sai da ya ga dama ya tashi.

Da muka kwance kaya a gaɓa, alewa ta narke ta bi atamfar nan ta manne da ita. Asabe ta wanke ta shanya a kan geza, amma duk da haka ƙudan zuma suka raka mu har Tudun Wada, ɗaya ma ya yi mini sallama a wuya. Madubi ya tsira, awarwaro sun tsira. Dankali kuwa ko a jikinsa, wanka kawai ya yi.

A Tudun Wada gidan fatoma mai saukar da baƙi muka sauka, wani ɗan gajeren dattijo mai suna Na'iya wanda ba ya gama magana sai ya rantse. Ya ba Asabe da yara ɗaki a cikin gida wajen matansa, ni kuma zaure tare da wasu fatake masu kai barkono. Tuwon masara aka kawo. Ku da kuka saba da dawa, na gaya muku, fari ne sol, yana da daɗi a baki, amma kafin ka gama wanke hannu ya bar cikinka. Na'iya ya ce kada in kuskura in shiga daji da jakai, ƙudan tsando zai kashe mini su. In bar su a wajensa, in jira motar da ke kai wa 'yan kuza hatsi, tana wucewa ranar kasuwa. Muka jira ta kwana biyu. A kwana biyun nan Ladi ta san sunan kowa a unguwar, ta kuma gaya wa kowa cewa za mu ɗauko yayarta ne, kuma babanta ya ce atamfa za ta kawo ta. Har mai ƙosai sai da ta yi mini fatan alheri.

Mota ta zo, muka hau kan buhunan dawa, mu wajen ashirin, da kaji, da wani mutum rungume da keken ɗinki. Yaran ba su taɓa shiga mota ba. Ɗanjuma ya yi ta ɗaga wa itatuwa hannu, yana cewa su ne ke gudu. Ladi ta yi shiru, karo na farko tun da ta fara magana, sannan ta mayar da ƙosan da ta ci a kan takalmin mai keken ɗinki.

A bakin dajin Falgore akwai gungume a gicciye kan hanya, da masu tsaron gandun daji su biyu da gajeren wando. Nan ne iyaka, daga nan ba gona ba gari sai ka fita ɗaya gefen. Aka ce kowa ya sauko. Akwai gatari? Akwai bindiga? Akwai tarko? Suka bi kaya ɗaya bayan ɗaya. Babbansu ya zo kan ɗan buhunmu ya zura hannu, ya fito da dankali, ya juya shi, ya dubi ɗan'uwansa.

"Malam, ina za ka da wannan?"

Na ce, "Doguwa."

Kai, ku zo ku ga dariya! Har direba sai da ya sauko ya gani da idonsa. Daga nan har muka sauka sunana Sarkin Dankali. Asabe ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ɗauki buhun ta zauna a kansa.

Dajin dai daji ne, itatuwa manya, ciyawa ta fi mutum tsawo. Mun ga birai, mun ga gada ɗaya, mun sauka sau uku mun tura mota a yashi. Da muka fito sai ƙasa ta fara tudu da gangare, ga duwatsu a gaba. Asabe ta fara nuna wa yara, wancan dutse kaza ne, can muke ɗiban ruwa.

Yaya Bawa ya tarbe mu a ƙofar gida. Aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyyar Iya, mata suka yi kukansu. Sai ga yara mata biyu sun kawo ruwa, kusan kansu ɗaya, suka durƙusa. Na saci kallo ta gefen ido. Ɗaya doguwa ce mai faɗin goshi irin nawa sak. Na ce a raina, ina Gwaggo ta zo ta ga jini. Na kau da kai daga gare ta yadda ya kamata, na juya wajen ɗayar, 'yar siririya mai shiru, na yi mata wasa irin wanda ake yi wa 'yar suruki. "Ke 'yar gidan Bawa, an girma! Yaya sunanki?"

Yaya Bawa ya yi gyaran murya ya ce, "Habu, ai ita ce taka."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kuma maimakon in gyara, sai kunya ta kama ni na yi abin da na saba: na ɗauke kai, na shiga tambayar Bawa labarin damina. Asabe ma, da ke bayan ƙyaure, ta sunkuyar da kai ba ta ce mata ko sannu ba. Yarinyar ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ku duba mini nan: uba ya tambaye ta sunanta, da aka ce masa 'yarsa ce kuma ya daina kallonta.

Duk da haka ban karaya ba, ina da atamfa. Da safe na ba Ladi kayan ta kai mata. Ta dawo ta ce yarinyar ta ce an gode. Da azahar na ga awarwaron a hannun 'yar Bawa, madubin a hannun matar Bawa, atamfar kuwa an rufe kwandon barkono da ita.

Kwana uku muka yi a haka. Abinci ba laifi, tuwon acca da miyar karkashi, ga zuma kamar ruwa, ga rogo dafaffe da safe. Amma ba ya wuce mini. Abin da ya ƙara dame ni maƙwabcin Bawa ne, wani mutumin Kurama da ke saƙar kwando. Kullum da yamma zai ɗora ɗansa na fari a wuya yana zagaya gida da shi, yana kiran sunansa yana yi masa waƙa, su ci a ƙwarya ɗaya. Na ce wa Bawa, "Waɗannan ba su da ta-ido ne?" Ya ce, "Haka suke, kuma a cikinsu 'yarka ta tashi. Iya ma da ta tsufa ba ta bi ta kan wannan ba, ɗan fari da ɗan auta duk sunansu take kira. Yarinyar nan ba ta san abin da kuke yi ba, Habu. Jiya na ji tana ce wa 'yata, mutanen Bebeji ba sa sonta, kaya kawai suka kawo don a ce sun zo."

Wannan magana ta soke ni. Na ji tsoro, ba na ɓoye muku. Motar komawa ranar Asabar za ta wuce, Bawa ya ce ranar da safe zai tambaye ta a gaban kowa, kuma na riga na san abin da za ta ce.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina zaune a zaure na rasa abin da ke mini daɗi, sai ga Asabe ta ajiye ɗan buhun nan a gabana. Ta ce, "Malam, yau Juma'a."

Na ce, "Yanzu ana wannan wa yake ta dankali?"

Ta ce, "Yara suna ta tambaya."

Na tashi ba don ina so ba. Muka zaga gonar Bawa ta bayan gida, inda aka cire gyaɗa. Ladi da Ɗanjuma suka bazu ɗiban dunƙulen ƙasa suna ihu. Ƙasar can ja ce, tana da nauyi, ta fi tamu riƙe wuta. Na durƙusa ina gini, Ɗanjuma na miƙo mini yana rushe rabin abin da na ɗora, Ladi na yi masa faɗa, Asabe na karya kara. Kafin in ankara na manta da damuwata, har na fara waƙar da nake yi musu ta tsokanar mai cizon dankali. Yaran gidan Bawa suka taru. Can gefe, jikin rumbu, na hango yarinyar a tsaye da tsintsiya a hannu, ba ta shara ba ta tafi ba.

Ƙasa ta yi ja, na kwashe garwashi. Kowa ya sa shaidarsa. Matar Bawa ta kawo nasu dankalin na Doguwa aka zuba wa yaranta a gefe guda. Asabe ta jefa na biyar daga ƙarshe, na rushe ɗakin, muka zauna. Ladi ta tafi ta jawo yarinyar da ƙarfin tsiya ta zaunar da ita kusa da ita tana yi mata bayanin doka: sai an kira ka, sai ka ce na'am, wanda ba a kira ba ba ya ci.

Da ƙamshi ya tashi na tone da kara. Na gyara murya.

"Ina Ɗanjuma mai haƙoran ɓera?"

"Na'am, ranka ya daɗe!"

"Ina Ladi mai zane uku?"

"Na'am, ranka ya daɗe!"

Na kira Asabe, na kira yaran Bawa ɗaya bayan ɗaya, na ajiye nawa mai yankakken gindi. Saura na biyar. Na tono shi, na ɗauke shi da hannu ina kaɗe toka zan haɗa da nawa kamar kullum. Sai na ji Ladi tana ce wa yarinyar, da muryar nan tata da ake ji daga kasuwa:

"Kin ga wancan babban? Naki ne. Kullum Inna sai ta sa miki. Na tambaye ta bara ta ce na yayarmu ta Doguwa ne, Baba ke ajiye mata." Ta ɗan tsaya. "A cikinsa yake ajiyewa."

Na dubi Asabe. Ta sunkuya tana ɓare wa Ɗanjuma nasa, hawaye na ɗiga a kan tokar. Shekara takwas! Shekara takwas matar nan tana sa wa 'yarta rabo, kunya ta hana ta sa masa shaida, ta hana ta faɗa mini, ni kuma ina lamushewa ina cewa ƙarin maigida.

Yarinyar ta ɗago ta dube ni. Ranar na fara ganin idonta, irin na Asabe ne. Ba ta miƙo hannu ba. An gaya mata doka, tana jira.

Dankalin nan fa daga cikin jan ƙasa ya fito. Da farko ina jefa shi daga hannu zuwa hannu, da na tsaya sai na damƙe shi a dama ban sani ba. In ajiye, ta ga na ajiye rabonta. In miƙa mata ba kira, na karya dokar da ni na kafa, a gaban yaran da ba su taɓa ganin an karya ta ba. In kira, ga Yaya Bawa tsaye a bakin darni, ga matarsa, ga maƙwabci ya leƙo da ɗansa a wuya. Na buɗe baki, na ji kamar ubana yana tsaye a bayana. Abin ya fito can ƙasa-ƙasa, ni kaina ban ji ba.

Ladi ta ce, "Baba, ba a ji ba. Da muryar mai shela ake yi."

Na ce a raina, Habu, ko kunya ko 'yarka. Na miƙe tsaye.

"Ina Hauwa? Ina Hauwa ta Habu, mai dankali na biyar?"

Ta tashi a hankali. Ta zo ta durƙusa a gabana, ta ce, "Na'am," ta waiga ta dubi Ladi, Ladi ta raɗa mata sauran, ta ce, "ranka ya daɗe." Na sa mata shi a gefen zanenta. Sai a lokacin na ga tafin hannuna ya tashi fari. Ban ji zafin ba sai da matar Bawa ta yi salati ta ruga ɗebo zuma ta shafa mini.

Asabe dai ba ta kira sunan ba, har yau kuma ba ta kira ba. Amma ta matsa ta karɓi dankalin ta ɓare shi tas, ta hura, ta mayar mata, suka zauna kafaɗa da kafaɗa har ta cinye.

Da safe Yaya Bawa ya tara mu a tsakar gida ya maimaita wasiyyar Iya. Ya ce, "To, ga kawunki, ga iyayenki. Ba mai tilasta miki. Ina kike so?"

Sai ta juya wajen Ladi ta ce, "Sau nawa ake yi a shekara?"

Ladi ta ce, "Duk Juma'a, har dankali ya ƙare."

Hauwa ta ce, "Kawu, zan je. In ban je ba cinye mini zai yi ta yi."

Bawa ya yi dariya har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne, don shi ma 'yarsa ce. Na yi masa alkawari duk shekara bayan kaka zan kawo ta ta kwana biyu, kuma zan cika, ko da baƙin jakin nan zai kwanta a kowane rafi.

Dawowa ba wani labari. Masu gandun daji suka gane ni suka ce ina dankali, na nuna musu Hauwa na ce na yi musaya. Na'iya ya rantse jakaina sun yi ƙiba a hannunsa, ƙarya yake yi. Gwaggo Delu ta dubi hannuna a naɗe da tsumma, ta dubi yarinyar, ta ce, "Ka gane ta?" Na ce, "Daga baya." Ta ce ai ta sani.

Na san abin da za ku ce in Malam Garba ya kai nan: Habu ya je kudu ya zubar da kunya, har yana rubuta sunan 'yar fari a takarda. Ku faɗa, na yarda, Ɗan'azumi ma ya fara tun yanzu. Juma'ar da ta wuce mun yi ɗakin dankali a bayan gida, duk wanda ya bi ta wajen ya ji ni ina kira. Biyar aka jefa kamar kullum, sai dai na biyar ɗin yanzu yana da shaida, zane biyu, ita ta zaɓa da kanta. Ni kuma ɗaya na ci, mai yankakken gindi, kuma ya ishe ni.